Ƙuri'ar Yaya Muhyiddeen

Ina tsinke zogale a tsakar gida Yaya Muhyiddeen ya gaya mana wai zai kaɗa ƙuri'a a ƙasar Turawa. Umma ta ɗora wayar a kan turmi ta buɗe murya don kowa ya ji, kamar yadda take yi duk ranar Juma'a in ya kira daga Aberdeen, garin da yake aiki a wani kamfanin mai a Scotland.

"Ƙuri'a kuma?" in ji Umma. "Kai da aka yanke wa cibiya a Darki?"

"Dokarsu ce ta ba mu dama, Umma. Duk ɗan ƙasashen renon Ingila da ke zaune a nan zai yi. Tambaya ɗaya ce: Scotland ta fita daga Birtaniya ta tsaya da ƙafarta, ko ta zauna."

Na matso kusa da turmin. "Kai wanne za ka zaɓa, Yaya?"

"Su fita mana, Juwairiyya. Man nan a tekunsu yake, amma Landan ce ke yanke yadda za a yi da shi. Mutum da abinsa, a ce sai an gutsura an ba shi?"

Ban san lokacin da farantin zogalen ya kife ba. Wannan fa shi ne mutumin da tun rasuwar Baba ya hana a raba gonarmu ta fadama. Ya ce a bar ta gandu, a ci gaba da noma ta tare a hannun Baffa Sabo, ƙanin Baba, in an girbe a aiko wa kowa. Ni kuwa noma na karanta a jami'a a nan Wudil, kuma sakamakona ba abin ɓoyewa ba ne. Na sha gaya wa Baffa irin albasar da yake shukawa ya gaji. Sai ya ce, "To, malama," ya ci gaba da abinsa. Kwandon tumatir ake aiko min gida kamar mai jego.

Yaya bai ji ƙarar farantin ba, yana ta zuba. Wai an ce musu in sun fita ba za su ƙara amfani da fam ba, bankuna za su kwashe su koma Landan, za a kafa shinge tsakaninsu da Ingila, Tarayyar Turai ma sai sun sake neman shiga.

"Duk barazana ce," in ji shi. "Mai riƙe da kai ba zai taɓa cewa za ka iya ba."

Na ce, "Yaya, ni ma zan fita."

"Zuwa ina?"

"Daga gandu. A auna min gadona."

Umma ta ɗauki wayar ta duba ko ta katse. Da ya dawo, muryar ba ta ɗazu ba ce.

"Kina da hankali kuwa? Wa zai ba ki ruwa? Injin na gandu ne. Rumbu na gandu ne. Ta ina motar kaya za ta shigo miki? Dillalai Baffa suka sani, ba su san wata mai digiri ba."

"Ashe kai ma Landan ne."

"Juwairiyya," in ji Umma, "yayanki ne fa."

Aka yi ƙuri'arsu, masu cewa a zauna suka yi rinjaye. Yaya ya kira yana ta takaici, ya ce tsoro ne ya ci su. Ni tsoro bai ci ni ba. Na je wurin liman, ya ce haƙƙina ne, ba mai hana ni. Aka zo da igiya aka auna, aka kafa duwatsu. Rabona ya faɗa can ƙarshen gonar ta wajen tudu, nesa da kogi. Ban damu ba, don akwai magudanar da ke kai ruwan inji har can, Baba ne ya haƙa ta da hannunsa.

Ranar da na zo dashen albasa na tarar an toshe magudanar da laka da buhunan yashi, daidai kan dutsen iyaka. Na tsaya ina kallo. Na zaci faɗa, na zaci gaba, amma ban taɓa kawowa ɗan'uwana zai tare min ruwa ba.

Baffa yana gefe yana gyara hula, ya ƙi haɗa ido da ni. "Umarnin yayanki ne, 'yata. Ya ce wanda ya fita, ya fita da ruwansa."

Wannan dashen ya ƙone gaba ɗaya. Na sa aka haƙa min rijiya, ruwanta ba ya kai azahar yake ƙafewa. Na koma ɗibar ruwa da jarka daga bakin kogi, ina zagaye gonar gandu don kada in taka ta a ce na roƙa. Tafin hannuna ya yi kanta. Albasar da ta rayu ƙanana ce, a baro na tura ta zuwa bakin titi, dillalai suna wuce ni kamar ba su ga mutum ba. In na shiga gidan biki, sai matan Baffa su yi guɗa su ce, "Ga shugabar ƙasa ta iso. Ina tutar taki?" Nakan ce tana wurin tela. Kukana a gona nake yin sa, in wanke fuska kafin in dawo.

Rani na biyu ya wuce haka. Ana cikin na uku farashin mai ya riga ya faɗi warwas, kamfanin su Yaya ya rage ma'aikata, Yaya ya tattaro ya dawo gida. Wata rana da hantsi ina gona na hango shi yana tahowa ta kan kunya, ya rame, takalminsa duk laka. Na gaishe shi yadda ake gaida yaya, na tambayi hanya da gajiya, ya amsa yana ƙare wa fangalaina kallo.

"Kin ga da mutanen Scotland sun fita, faɗuwar man nan da ta ba su wuya," in ji shi.

"To ai sun zauna, sun huta."

"Ina hutu? Waɗanda suka ce musu ku zauna kada ku rasa Tarayyar Turai, su ne yanzu suka yi ƙuri'ar fitar da su daga cikinta." Ya tsuguna ya tumɓuke albasa ɗaya, ya juya ta a hannu. "Gaya min gaskiya. A gandu ba kin fi samu ba?"

"Na fi samu."

"To ki dawo. Yau ɗin nan a buɗe ruwan."

"A'a."

Ya ɗago ya dube ni kamar bai san ni ba. Na ce, "Yaya, in aka sake ƙuri'ar gobe kana can, ina za ka dangwala?"

Ya dubi albasar da ke hannunsa. Ƙarar injin gandu kawai ake ji daga bakin kogi.

"Su fita," ya ce a hankali.

"Duk da man ya faɗi?"

"Duk da haka."

Sai ya miƙe ya ɗauki sheburina ba tare da ya tambaya ba, ya nufi dutsen iyaka. Na bi shi da ido, ban yarda da abin da nake gani ba. Ya naɗe ƙafar wando, ya shiga magudanar, ya fara janye buhunan da rana ta riga ta cinye.

Baffa ya ɗaga murya daga cikin tumatirinsa. "Muhyiddeen, ta dawo ne?"

"Ba ta dawo ba, Baffa. Maƙwabciya ce."

Ruwan ya taho a hankali, yana tura busasshen ganye a gabansa, ya ƙetare dutsen. Na tattare zanina na ruga na buɗe masa fangalin farko kafin ya iso.