Kaset ɗin Iya Luludi

Gidan rediyon namu, in ma za a kira shi gida, ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai faci, a bayan garin Miskolc. Awa guda ake ba mu ranar Lahadi mu yi magana da harshen ƙabilarmu ta Romawa, 'yan tsirarun nan da aka sani da yawo. Gusti ne edita, shi ne kuma mai shara. Ni, Piroska, nake yawo da rikoda.

Iya Luludi, ƙanwar kakata, ba ta taɓa buɗe baki kan zamanin yaƙin duniya na biyu ba. Ran nan kawai tana fere dankali ta ce, "Kunna abin naki." Ta faɗi yadda sojoji suka kwashe su a jirgin ƙasa zuwa sansanin kisa, da waɗanda suka tafi ba su dawo ba, kowa da sunansa. Ina ta kuka har ban iya tambayar komai ba. Wannan kaset shi kaɗai ne shaidarta a duniya.

Kafin mu sa shi a iska ta rasu.

Bayan an binne ta sai ga ɗanta, Kawu Feri, gemu buzu-buzu na makoki. Motarsa na ƙasa cike da katifarta da siket-siket ɗinta, za a kai bakin kogi a ƙone, kada kayan su riƙe ta a nan ta kasa tafiya.

"'Yar nan, an ce muryarta na wajenki. Kawo."

Gusti ya yi tsalle. "Haba Kawu! Shekara da shekaru wasu ke rubuta mu, ɓarayin kaji da masu goge. Yau mun samu namu da bakinmu, a ƙone?"

"Kai, mai tabarau, uwarka ce? Ka tsare tawa a akwati tana magana ana shan kofi?"

Na ce, "To ka saurara sau ɗaya, Kawu."

Ya ja da baya, ya toshe kunne. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ga laifinsa ba.

Gusti ya raɗa mini mu kwafa a ɓoye. Shi ya yi boko a babban birni, abin da sauƙi a bakinsa. Ni kuwa a cinyar matar nan na yi wayo, ba zan yi mata wayo tana kabari ba. Na miƙa wa Kawu kaset ɗin.

Ranar Lahadi na ba da labarin da bakina, iya abin da na riƙe. Ban ambaci sunanta ba, tunda ba ma kiran sunan sabon mamaci. Na ce wata tsohuwa ce, an ɗauke ta da goyon jaririya, ta dawo hannu biyu babu komai.

Ina saukowa na tarar da Kawu Feri tsaye cikin tayoyi, hula a hannu.

"Jaririya kika ce? Ina da yaya?"

Ashe ko shi ba ta taɓa gaya wa ba.

"Piroska, me sunanta?"

Iya ta faɗa a kaset ɗin da aka ƙone, na tabbata ta faɗa, tsakanin sunan wani ƙaninta da na wata maƙwabciya. Na rufe ido na bi layin sunayen, na sake bi, sunan bai zo mini ba. Yana tsaye yana jira, bakinsa a ɗan buɗe, ya shirya ya maimaita bayana.