Abin da Mai Biro Ta Rubuta

Shekara ashirin da uku Mai Biro tana wanke bakin manyan gari. A takarda dai sunan aikinta marubuciyar majalisar ƙaramar hukuma. Duk Talata Ciyaman da kansiloli tara za su zauna a dogon teburin nan da aka tokare ƙafarsa da tsohuwar jarida, su yi ta sa-in-sa, ita kuma tana kusurwa ƙarƙashin fankar da ta daina juyawa. In kansila ya kira ɗan'uwansa ɓarawo, sai ta rubuta "an yi musayar ra'ayi". In aka kai ga cin kwala, sai ta rubuta "an ɗan dakatar da zama". Idan maganar ta yi nauyi sosai, Ciyaman kan ƙwanƙwasa makullin motarsa a tebur sau biyu, ta gane cewa a gyara. Ta ƙware ƙwarai, har tana alfahari da hakan.

Wannan ƙwarewar ce ta ci yayanta.

Yayan nata shi ne injiniyan hukumar. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, shi ya kama hannunta ya koya mata rubutu, har yau kuma Auta yake ce mata. Shekara biyu da suka wuce, lokacin da ake gina gadar da ta haɗa kasuwa da unguwar asibiti, ya miƙe a gaban majalisa ya ce rodin ya yi siriri, simintin ya yi kaɗan, gadar nan ba za ta ga damina biyu ba. Ciyaman ya ce zaɓe ya matso, a ƙarasa a buɗe. Makulli ya yi ƙara sau biyu. Mai Biro ta sunkuyar da kai ta rubuta: "Injiniya ya yi ƙarin bayani."

A damina ta biyu gadar ta rufta da motar ɗaukar kaya. Allah ya taƙaita, direban ƙafa kawai ya karya. Washegari Ciyaman ya shiga rediyo ya rantse cewa Injiniya bai taɓa cewa uffan ba, ga littafin zama nan kowa ya zo ya duba. Aka dakatar da Injiniya, aka ce kwamitin bincike na tafe daga ma'aikata don a ƙwace masa takardar aiki. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya ya koma ƙuryar ɗaki, wata uku ko ƙofar gida bai leƙa ba, don 'yan unguwa sun fara kiransa Mai Gada. Bai taɓa ce mata don me ba. Da ma zaginta ya yi, da ta fi samun sauƙi.

Ta je ofishin Ciyaman ta roƙe shi. Ya bar ta a tsaye yana yanke farce.

"Ranka ya daɗe, ka san ya faɗa. A gabanka ya faɗa."

"Malama, wa ya rubuta littafin?" Ya hure ɗan yatsa. "Ni na riƙe miki biro? Saura miki shekara ɗaya ki yi ritaya, ki lallaɓa ki ƙarasa lafiya. Ja min ƙofar."

Ta ja masa ƙofar a hankali. Tun daga matakalar bene ta ji tsoron da ta shiga da shi ya tafi, tsana ta zauna a wurinsa. Ba ta nemi tsanar ta huce ba, renonta ma ta shiga yi.

Saura mako biyu kwamiti ya iso, majalisa ta zauna don a haɗa baki. Wata sabuwar kansila, wadda ba ta nan lokacin ginin, ta yi tambaya da zuciya ɗaya.

"Wai da gaske Injiniya bai yi gargaɗi ba?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ciyaman har da dafa ciki.

"Ya yi mana! Har kumfar baki ya yi. Ni na ce a ci gaba, ɗan kwangilar kuma surukina ne, kowa ya sani. To amma a ina aka rubuta? Abin da ba ya cikin littafi bai faru ba." Ya ƙwanƙwasa makulli sau biyu ba tare da ya waiwaya ba. "Malama ta san aikinta."

Mai Biro ta gyaɗa kai kamar kullum. Biron dai bai tsaya ba. Ta rubuta tambayar, ta rubuta amsar kalma bayan kalma, har dariyar ta sa, da sunayen waɗanda suka yi ta. A ofis ta buga shi fes, shafi bakwai, ba ta ƙara komai ba, ba ta rage ba.

Doka ta ce kafin a fara kowane zama sai an karanta bayanin zaman baya, a amince, Ciyaman ya sa hannu a kowane shafi. Amma a shekara ashirin da uku ba ta taɓa wuce layi na uku ba. Talata ta zagayo, ta miƙe da takardun a hannunta.

"Bayanin zaman da ya gabata. Mahalarta..."

"Haba Malama," in ji kansilan kasuwa, "abinci na hucewa. Ina ba da shawara a ɗauka an karanta."

"Na goyi baya," in ji wani tsoho daga ƙarshen tebur, ido a rufe. Da ma sunan da ake kiransa da shi ke nan, Na-Goyi-Baya, don ba a taɓa jin wata kalma daga bakinsa ba.

"Ranka ya daɗe, wannan karon yana da tsawo. A bar ni in karanta."

"Ke dai kawo," in ji Ciyaman.

Ta kai masa. Tana ɗaga gefen kowane shafi yana zabga sa hannu, yana ba mataimakinsa labarin sabbin tayoyin da ya sa wa mota. Bakwai cif. Ta buga hatimi, ta aika kwafi ma'aikata a ranar kamar yadda doka ta ce, ta manna ɗaya a allon sanarwa na bakin ƙofa. Kwana shida takardar tana nan, Ciyaman yana wuce ta safe da yamma.

Ranar da kwamiti ya iso, aka ga shugabarsa wata dattijuwa ce mai tabarau, irin mutanen nan da ke karanta har bayan kwalin magani. Ta buɗe shafi na biyar ta karanta da ƙarfi, ba sauri. Mai Biro ba ta kalli takardar ba, fuskar Ciyaman ta zuba wa ido, tana kallon gumi na gangarowa cikin wuyan rigarsa. Daɗi ta ji, daɗi sosai, kuma ba ta ji kunyar jin sa ba.

"Ƙarya ne! Sharri ne! Ƙanwar Injiniya ce fa!" in ji Ciyaman.

"Wannan sa hannun wa ne?" in ji dattijuwar.

Ciyaman ya leƙa shafin, nasa ne.

"Kafin ka sa, an karanta muku?"

In ya ce an karanta, ya amince ke nan. In ya ce ba a karanta ba, ya shaida da bakinsa cewa shekara da shekaru yana sa hannu a abin da bai gani ba. Hannunsa ya lalubi makulli, ya ƙwanƙwasa sau biyu, ba wanda ya kula shi.

Dattijuwar ta juyo wurin Mai Biro. "To ke, gargaɗin farko, me ya hana ki rubuta shi?"

"Ni na ɓoye shi, ranki ya daɗe. Ba wanda ya riƙe min biro."

A ranar aka wanke Injiniya, aka tura batun Ciyaman gaba, ita kuma aka karɓi makullin ofis daga hannunta.

Da la'asar ta shiga ɗakin yayanta ta miƙa masa kwafin. Ya zauna bakin gado yana bin layi da ɗan yatsa, kamar yadda yake duba mata aikin makaranta. Da ya kai ƙarshe ya ɗago ya dube ta.

"Ashe kin iya, Auta," ya ce. "Ashe tun can kin iya."

Ta tsaya tana kallonsa. Shi kuma ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Miƙo min takalmina."