Wasiƙun Anti Jamilatu

Ranar Laraba da hantsi Barira ta ɗaga katifar 'yarta Kulu za ta shanya, sai ga wata leda a ƙasa. A ciki akwai agogon hannu, da 'yan kunne, da wasiƙu biyar ɗaure da zare. Barira ta yi firamare kafin aure, don haka ta zauna bakin gado ta karanta su ɗaya bayan ɗaya.

Duk daga mace ɗaya suke, mai sa hannu da "Antinki Jamilatu, Kaduna". A ta farko ta ce a rediyo ta ji sunan Kulu, ranar da aka karanta katin gaisuwar da yarinyar ta aika, har da sunan makarantarsu da ajinsu. Ta akwatin gidan waya na makarantar wasiƙun ke zuwa. A ta uku ta tambayi hanyar da Kulu ke bi in an tashi. A ta huɗu ta rubuta, "Kada ki nuna wa Innarki agogon, za ta ce shekara goma sha biyu kin yi ƙanƙanta."

Cikin ta biyar akwai hoto. Kulu ce da kayan makaranta a bakin get, tana sayen rake, fuskarta na kallon wani wajen.

Da Kulu ta dawo da azahar, Barira ta ja ta ɗaki ta sakaya ƙofa.

"Wa ya ɗauke ki wannan hoton?"

"Ban sani ba, Inna. Ni ma a wasiƙar na gan shi."

"Kin taɓa ganin matar?"

"A'a. Gobe ne za mu haɗu. Ta ce in an tashi in tsaya Ƙofar Kuyambana, za ta kawo mini ƙaramar rediyo."

Barira ta mayar da wasiƙun cikin ledar. Ba ta yi faɗa ba. Ta jira mijinta Malam Jibril ya dawo daga ofis, ta miƙa masa ledar kafin ma ta kawo abinci. Ya karanta sau biyu, ya daɗe yana duban hoton.

"Wanda ya ɗauki wannan, a tsallaken hanya yake tsaye," ya ce.

Washegari Kulu ba ta je makaranta ba. Malam Jibril da ƙanensa Jumare suka je suka zauna a bencin wani mai faci kusa da Ƙofar Kuyambana. Ƙarfe biyu saura wata farar fijo ta tsaya a inuwar ganuwa, ba a kashe injin ba. Maza biyu ne a ciki, babu mace. Na kusa da direba yana duban 'yan matan da ke wucewa, ya duba wani abu a tafin hannunsa, ya sake duban su.

Jumare ya miƙe ya nufe su. Bai kai rabin hanya ba motar ta fizga ta yi wajen Kufena. An shafe lambarta da taɓo.

Sun kai magana ga mai unguwa da 'yan sanda. Da shugabar makarantar ta bincika, sai aka sami wasu yara biyu da ke karɓar irin wasiƙun, sunan antin daban, rubutun hannu iri ɗaya. Ɗayarsu ranar Asabar aka ce mata ta zo su haɗu. Daga ranar, duk wasiƙar da ta zo wa ɗaliba sai an kira iyayenta an buɗe a gabansu. Malam Jibril kuma ya riƙa kai Kulu da kansa a bayan babur.

Bayan mako biyu Barira na share zaure da safe ta tsinci ambulan a bayan ƙofa. Babu kan sarki, babu hatimin gidan waya. Layi ɗaya ne a ciki: "Na jira ki, ba ki zo ba."

Kafin la'asar an kai Kulu gidan gwaggonta a Limancin Kona, aka sauya mata makaranta. A can ta ƙarasa firamare. Mutanen ba a taɓa kama su ba.