Laimar Kwaɗi a Ɗakin Likitan Ido

Bogumiła ta ɗora haɓa a kan ƙarfen injin duba ido, goshinta ya manne da madauri, likita ya ce kada ta motsa. 'Yarta Jadwiga na zaune a baya, ta rungume kwat ɗinsu, kujerarta ta tare ƙofa.

Da can abin da sauƙi. Allon haruffa ne a bango, ita kuwa ta haddace shi tun mijinta na da rai. Tsohon injin ma, yanar idonta kan hana shi gani. Wannan sabon ba ya tambayar kowa komai. Haskensa ratsa yanar yake yi har can ƙasan ido, ya fito da hoton ciki falle-falle kamar an yanka burodi.

Tun a mota Jadwiga ta gama magana: in hoto ya nuna ciwo, uwar da shiga daji sun rabu. Ba sauran fita da kwando tsintar laimar kwaɗi. Sai zaman bene a birnin Toruń, gidan 'yarta.

"Uwargida Bogumiła, kalli koren ɗigon nan," in ji likita.

"Ina kallo."

"Yana hagunki."

"To ai kai ne kake ta matsar da shi."

Da aka gama ya juyo musu da allon injin. Ya nuna wani kumburi, ya ce ruwa ne ya taru daidai inda take ganin tsakiyar abu. Allura za ta iya tsayar da shi.

"Injin nan tsegumi gare shi," in ji tsohuwar.

"Mama, don Allah."

Sai Bogumiła ta jawo jakarta. Ba a zuwa wurin likita hannu sake, kwalba ta kawo masa, cike da laimar kwaɗi jiƙe cikin ruwan tsami.

"Ga shaidata, likita. Da idon nan na tsince su bana. Makauniya za ta iya?"

Ya karɓa yana dariya, ya ɗaga ta wajen taga don ya yaba, kamar yadda kowa ke yi. Dariyar ta tsaya. Ya juya kwalbar a hankali, ya miƙa wa Jadwiga, yatsansa a kan wata ƙarama mai kore-kore, da 'yar jaka a gindinta. Ko yaran makaranta sun san ta. Mai guba ce, guda ɗaya ta isa ta kashe gida.

"Mama, kin ga wannan?"

Bogumiła ta kawo kwalbar daf da hanci. Gefe-gefe tana gani, ga murfi, ga yatsun 'yarta. Tsakiyar kuwa toka ce kawai.

Jadwiga ta ciro waya.

"Wa da wa kika ba?"

Tsohuwar ta dubi wajen ƙofa, ta dawo da kanta.

"Fara da maƙwabciyata Zofia," ta ce a hankali. "Jikokinta na zuwa cin abinci yau."