Talibambam a Farar Roba

Malamin kimiyya ya yi wata shida yana koyarwa a matsayin gwaji, kuma ranar Alhamis sufeto zai zo ya ga darasinsa. In ya yi kyau a tabbatar masa da aiki, in bai yi ba ya kama gabansa. Ya zaɓi darasi mai sauƙi: me ya sa talibambam, wato 'ya'yan kwaɗi, baƙaƙe ne. Ya je kududdufin bayan makaranta ya kamfato su a baƙin bokiti, ya ajiye a bayan ƙofar kicin.

Matarsa kuwa mace ce mai tsabta har ta yi yawa; da inuwa na wankuwa da ta wanke tasa. Ta buƙaci bokitinta, sai ta juye su da ruwansu a farar roba.

Da safiyar Alhamis ya leƙa, ya tarar da su a roba. Yawancinsu sun koɗe, sun koma kalar ƙasa-ƙasa, 'yan kaɗan ne suka rage baƙi wuluk, sun cure a gefe guda.

"Maman yara! Wanke su kika yi?"

"Na wanke wa? Ni da ko kallonsu ba na son yi?"

"Sabulu kika zuba musu, na san hali! Kin wanke mini aikina!"

"Malam, ka ji tsoron Allah. Baƙo ai kallon gida yake ya yi shiga. Sun ga farin wuri sun yi fari, laifina ne?"

Ya sungumi roba ya fita yana huci.

A aji, sufeto ya zauna a baya da biro a hannu. Ya dubi allo inda aka rubuta cewa talibambam baƙaƙe ne, ya taso ya dubi roba.

"Malam, ina baƙin?"

Malam ya lalubi abin faɗa a kansa bai samu komai ba sai maganar matarsa.

"Ranka ya daɗe, baƙo kallon gida yake ya yi shiga."

Yana faɗa sai ya ji ashe gaskiya ce. Bakinsa ya buɗe: waɗannan masu koɗewa neman ɓuya suke, a tabo su yi duhu, a wuri mai haske su yi haske, don kada tsuntsu ya hango su. Waɗancan na gefe kuwa wani irin kwaɗo ne daban, ɗaci gare su, kifi ya ɗanɗana sau ɗaya ba ya ƙarawa, to me za su ɓoye wa? Ɗalibai suka yi caa da tambayoyi.

Sufeto ya rubuta abin da ya rubuta, ya miƙa masa hannu. "Aiki ya tabbata. Amma wa ya tsara wannan gwaji na farar roba?"

Kunya ta kama malam, don ya tuna ihun da ya yi da safe.

"Shugabar sashenmu ce, ranka ya daɗe. Tana gida, kuma sai na ba ta haƙuri kafin in ci abincin rana."