Jikan Beartla da Sunan Ɓarawon Kifi

Beartla na bakin gaɓa yana ɗinkin raga sai matarsa Peigi ta iso da shayi da labari. Matar ɗansu Coilin ta sauka kwana huɗu da suka wuce, an sami namiji, yau kuma sun tsayar da suna.

"Wane tsayarwa kuma?" in ji shi. "Suna ai sananne ne."

A tsibirin nan, ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba yake ci. A gidansu suna biyu ne ke karɓa-karɓa tun kafin a gina coci: Beartla ya haifi Coilin, Coilin ya haifi Beartla.

"Ronan za su sa masa," in ji Peigi. "Sha shayinka kafin ya huce."

Bai sha ba. Ya dubi ragar da ke cinyarsa. Hujin da ke jikinta ya isa mutum ya zura kai, kuma ron ne ya yi shi shekaranjiya. Ron, dabbar tekun nan mai kan kare da gashin baki, wadda ke bin kwalekwale ta gatsi kifi mafi ƙiba ta bar maka kai. Shekara arba'in suna wannan gaba. Gwamnati kuma ta ce kada a taɓa shi.

Ya haura gidan ɗansa ko takalmin ruwa bai cire ba.

Coilin ya yi shekara goma sha biyu a Boston yana aikin gini, can ya auro Bairbre, 'yar ƙetaren ruwa. Ita ce zaune gefen murhu da jaririn, da wani littafin sunaye a kusa da ita.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji ta. "Ga dankali da zafinsa."

"Na ƙoshi. Kai, Coilin, me na ji?"

"Baba, zauna tukuna. Suna ne na harshenmu, ba na Turawan Ingila ba. Ma'anarsa ɗan ƙaramin ron."

"Ni za ka fassara wa? Da wane harshe na yaye ka?"

"Tsohon suna ne, Baba," Bairbre ta ce a hankali. "Ya fi shekara dubu. Waliyyai da dama sun ci shi, ga shi nan a rubuce."

"Waliyyan nan suna da raga?"

Beartla ya bugi ƙirjinsa.

"To ni ina da ita. Ubana ma yana da ita. Da kifin da wannan ɓarawo ya rage mana aka biya maka jirgin Boston. Ka dawo ka rasa wanda za ka yi wa takwara sai shi? Me sunana ya yi maka?"

Coilin ya sosa ƙeya. "Beartla huɗu ne a tsibirin nan, Baba, kuma ƙaraminku ya haura sittin. Yaro zai je makaranta a birni, za a yi masa dariya."

"Au, kare mai gashin baki ne ba za a yi wa dariya ba?"

Ya fita bai ko kalli jaririn ba.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Maidhc, abokinsa tun na ƙuruciya, ya tare shi a bakin gaɓa yana nuna wani kai baƙi da ke leƙowa daga ruwa.

"Mutumina, ga surukinka can. Ba ka gaishe shi?"

"Ka rufe min baki, tsohon banza."

"Yanzu ai ba sata yake yi ba. Abincin gida yake ci."

Beartla ya ce ba zai je baftisma ba. Ya faɗa wa Peigi sau uku. A na ukun ta goge masa kwat ɗinsa ta rataye a ƙofa.

"Kada ka je," in ji ta. "Sai Maidhc ya zauna a kujerarka, ya ba da labari shekara goma."

Ranar Lahadi ya je, ya tsaya daga baya. Da Fada, limamin cocin, ya tambayi suna, ya kafa wa ɗansa ido, ko zai ji kunya a gaban jama'a. Coilin bai ɗago kai ba. Aka ce Ronan, aka zuba ruwa, yaro ya tsala kuka, aka gama.

A ƙofar coci wata tsohuwa mai nauyin kunne ta tambaya ɗan wa ne. Nan ba a kiran mutum da suna ɗaya, sai an jero na ubansa da na kakansa.

"Ronan Coilin Beartla!" wata ta kwarara mata a kunne.

Peigi ta zunguri mijinta. "Ka ji ko? Ga sunanka nan, bai ɓata ba."

"Na ji. Ron a gaba, ni a wutsiya."

Bai tsaya cin abincin biki ba. Ya gangara gaɓa, ya naɗe ragar nan mai huji, ya saɓa ta a kafaɗa da kwat ɗinsa na coci. Baƙi na cikin cin nama ya turo ƙofar Coilin, ya jibge ta tsakar ɗaki, ƙarnin kifi ya cika ko'ina. Ya ɗora allurar ɗinki a kai.

"Ɗan uwanku ne ya yaga," in ji shi. "Ina so kafin Talata."