Hannu Mai Yatsu Shida

Baba Obadiah, mai kula da ɗakin gawa, ya yaye ledar da ke kan tebur na huɗu. Warin maganin da ake jiƙa gawa da shi ya bugi hancin Rumasa'u har idonta ya kawo ruwa. Su takwas ne a kewaye da teburin, duk 'yan aji biyu a makarantar koyon aikin likita, kuma yau za a fara feɗe hannu. Fuskar mamacin a naɗe take da ƙyalle kamar yadda aka saba.

"Yau ke ce da aska," in ji ƙawarta Hannah, ta tura mata tiren kayan aiki.

Rumasa'u ta yi bisimilla a zuci, ta kama hannun hagu za ta miƙar da shi. Ya sandare, ya bushe kamar ƙirgi. Da ta juya tafin sai ga ɗan yatsa na shida maƙale a gefe. Masu cindo ai ba su ƙirguwa a duniya, ta ce da ranta. To amma tabon ƙunar nan da ya bi bayan hannun fa? Tabon da ta sha kallo mai shi yana jan zare da basilla?

Ta ɗaga gefen ƙyallen da ke fuskar. Fuskar ta yi baƙi, ta motse, amma tsagar gado tana nan raɗau a kumatu.

Labaran ne.

Shekara biyar Labaran yana ɗinkin takalma a ƙofar shagon mahaifinta a Jikwoyi. Bara, da ruwan farko ya sauka, aka wayi gari ba shi. Ko a jikin kowa, don haka 'yan ci-rani suke: hadari na haɗuwa sai gida noma, wani ko sallama ba ya tsayawa yi. Kaka ta wuce bai dawo ba, aka ce ƙila aure ya yi. Can garinsu kuwa, wa ya sani, ƙila cewa suke Abuja ta yi masa daɗi. Ashe bawan Allah yana nan kwance cikin magani.

Tsoro ya kama ta sosai. Ta lallaɓa zuwa kusurwar da Baba Obadiah ke wanke bokiti.

"Baba, na san mutumin nan."

Tsohon ya ɗago ya dube ta. "Kai ka tabbata, yarinya?"

"Wallahi na san shi."

"Mota ne ya buge shi a hanyan Nyanya. Ba kati, ba waya. Wata shida yana mutuware, ba wanda ya zo nema." Ya goge hannu a jikin rigarsa. "In babban mutum wanda ya san shi ya zo da takardan 'yan sanda, ya sa hannu, za a ba shi ya je ya binne. Ɗalibi ba ya sa hannu. Amma ka yi sauri, oga yana zuwa yanzu. In aska ya shiga jiki, shi ke nan, ya zama na makaranta."

Babban mutumin da ya san Labaran ɗaya ne: Malam Sale, mahaifinta. Nan kuwa gizo ke saƙar.

Sau uku Rumasa'u tana zana jarrabawar shiga jami'a kafin ta samu gurbin nan. Ranar da takarda ta fito, Malam Sale bai yi murna ba, zaunar da ita ya yi. "An ce yanka matattu ake yi a karatun nan. In gaskiya ne, 'yata ba ta zuwa." Ita kuwa, ba ta san lokacin da bakinta ya ce, "Haba Abba, ai yanzu na roba ake amfani da su." A kan wannan ƙaryar ya sa albarka. Kuma duk Jikwoyi an san Bazazzagin nan kaifi ɗaya ne, ba ya magana biyu.

Hannah, wadda ta san zancen, ta biyo ta ta riƙo mata gefen riga.

"Ki yi tunani fa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ki ce kanki ke ciwo, a mayar da ke tebur na shida. Ni zan yanka. Wa zai sani?"

Gaskiya Hannah ta faɗa, ba wanda zai sani. Rumasa'u ta ji zuciyarta ta karkata, ta kuma ji kunyar karkatar. Ta waiwaya teburin. Ɗaya daga cikin samarin har ya ɗauki alƙalami yana zana layin da aska za ta bi a kafaɗar Labaran. Mutumin da ba a taɓa kiran salla ya ƙara ko ɗinki ɗaya ba, ga shi ba wanka, ba likkafani, ba wanda ya yi masa salla.

"Baba, don Allah ka rufe shi."

Ta cire safar hannu, ta fita baranda. Ta ciro waya ta danna lambar mahaifinta.

"Rumasa'u? Lafiya da safiyar nan?"

"Abba, Labaran ba gida ya tafi ba. Rasuwa ya yi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ya gaya miki?"

Tana jin hayaniyar kasuwa ta bayansa, da ƙarar babura.

"Ba wanda ya gaya mini. Yana nan makarantarmu, a kan teburina. Abba, ba na roba ba ne. Ƙarya na yi maka."

Ta ji Malam Sale ya ja numfashi.

"Kin taɓa shi da wuƙa?"

"A'a."

"To koma ki tsaya a kansa, kada ki bar kowa ya taɓa shi. Ga ni nan tafe da liman."

"Abba, karatuna fa?"

"Bari mu binne mutum tukuna."

Ya kashe wayar. Daga ƙarshen baranda ta hango malaminsu tafe, rajista a hammata. Ta share fuska da hannun riga, ta riga shi shiga, ta je ta tsaya a kan Labaran.